Bayan An Kwance Ɗori: Aikin Likitan Gashi

Yaro ya faɗo daga kan bishiyar mangwaro ya karye a hannu. An ɗaure hannun har mako shida, ko dai da karan mai ɗori ko da simintin asibiti. Ranar da aka kwance, ƙashi ya kama, amma sai ga hannun ya tsotse, ya fi ɗan'uwansa siranta, gwiwar hannun kuma ta ƙi miƙewa. Iyaye sukan ce ɗorin ne bai yi kyau ba. Sau da yawa ɗori ba shi da laifi. Zaman da hannun ya yi babu motsi shi ya jawo haka. Daga nan ne aikin likitan gashi yake farawa.

A ganina sunan "gashi" da muka laƙaba wa wannan sashe na asibiti yana ɓad da mutane. Duk wanda ya ji shi sai ya tuna da ruwan zafi da tawul. Lalle ana amfani da ɗumi, domin yana rage raɗaɗi, yana kuma sassauta tsoka, amma share fage ne kawai. Ainihin maganin shi ne motsi wanda aka auna, aka tsara shi daki-daki. Ilmi ne mai zaman kansa, wanda Jami'ar Ibadan ta fara koyar da shi a matakin digiri tun 1966.

Me ya sa motsi ya zama magani? Saboda ƙashi ba busasshen itace ba ne. Abu ne mai rai, kullum waɗansu ƙwayoyin halitta suna rushe shi, waɗansu suna sake gina shi. A 1892 wani likitan fiɗa na Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara ƙwari a inda ake ɗora masa nauyi, yana kuma zaizayewa in aka bar shi ba aiki. 'Yan sama-jannati sun zama shaida: a sararin samaniya, inda jiki ba ya ɗaukar nauyin kansa, ƙashin ƙugunsu yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a kowane wata. Shi ya sa ake sa wanda ya karye a ƙafa ya fara takawa kaɗan-kaɗan da sanda da zarar likitan ƙashi ya ba da izini.

Gaɓa ma haka take. Guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa ba shi da hanyar jini ko ɗaya. Abincinsa yana cikin ruwan gaɓa, kuma yana shan sa ne tamkar soso: a matse, a saki. Gaɓar da ta daina motsi, guringuntsinta yana cikin yunwa, naman da ya kewaye ta kuma yana ƙanƙancewa har ta sandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai fa a hankali: murza gwiwar hannun yaro da ƙarfin tsiya bayan karaya na iya sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, gaɓar ta ƙara kafewa. Mai amosanin gwiwa kuwa ana ƙarfafa masa tsokar cinya, mai ciwon baya kuma yanzu ba a ce masa ya yi ta kwanciya kamar da.

A nan dole mu yi wa harshenmu gyara kaɗan. Kalma ɗaya, "jijiya", muke kiran abubuwa uku da ita: hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi irin agara, da kuma zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki. Wanda ya ce jijiya ke damunsa bai faɗa wa likita komai ba tukuna.

Agara da ire-irenta jini kaɗan ke ratsa su, don haka warkewarsu take da nawa. A 1998 likitoci a Suwidin suka nuna cewa mai daɗaɗɗen ciwon agara yana samun sauƙi in ya tsaya a bakin matakala da yatsun ƙafa, yana sauke diddige sannu a hankali, kullum har mako 12. Wato nauyin da ake gudu shi ne maganin, in an san gwargwado.

Jijiyar saƙo ta fi kowacce bukatar haƙuri. Misalin da muka fi gani shi ne yaron da aka yi wa allura a ɗuwawu ba bisa ƙa'ida ba, ta taɓa babbar jijiyar da ke gangarawa bayan cinya. Sai ya riƙa jan ƙafa, ba ya iya ɗaga tafinta, har a zaci shan-inna ce. Idan raunin bai yi tsanani ba, jijiyar takan sake tohowa, amma da kimanin milimita 1 a rana. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya lissafa: in tsakanin wurin allurar da tsokar ƙwauri akwai santimita 30, kwana 300 ke nan, kusan wata 10. Likitan gashi ba zai iya hanzarta wannan tafiya ba. Aikinsa shi ne kada baƙuwar ta iso ta tarar da gida ya rushe: yana motsa idon sawu don kada ya kafe, yana sa wa ƙafar abin tallafi don kada agara ta gajarce, yana koya wa uwa ta maimaita atisayen a gida safe da yamma. Jinkiri yana da haɗari, domin tsokar da ta wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi babu saƙon jijiya da wuya ta farfaɗo sosai. In watanni suka shuɗe babu alamar ci gaba, sai a mai da yaron wurin likitan fiɗa.

Irin wannan ƙafa ce kuma ba a gasa ta da ruwan zafi a gida. Fatar da jijiyarta ta sami rauni ba ta jin zafi, saboda haka yaron zai ƙone har ya yi bororo bai ce uffan ba.