Dara, Lido da Karta: Zaɓen Wasan Gida a Ƙasar Bakolori

Bisa ga al'adar ƙasar Hausa, rani shi ne lokacin wasa. In an yi girbi, an kai dame rumbu, samari sun tafi cin rani, sai dattawa su tattara gindin inuwa bayan la'asar, a share ƙasa, a tona guraben dara. A ƙasar Bakolori, watau Talatar Mafara da Bakura da Maradun, wannan tsari ya jirkice tun da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar ruwa a kan gulbin Sakkwato a 1978, aka shata fili mai faɗin hekta wajen 23,000 domin noman rani. Mutumin da zai bi ruwa gonar shinkafa ko ta alkama cikin hunturu ba shi da yinin banza irin na kakansa. Ruwan kuwa ya jawo baƙi, ma'aikatan hukuma da malaman makaranta da 'yan kasuwa, kowa da irin wasan garinsu cikin akwati. Saboda haka magidancin yau yana da zaɓi, abin da kakansa bai sha wahalarsa ba.

Mafi yawan mutane sukan zaɓi wasa ne saboda kyan kwalinsa, ko don sun gan shi gidan maƙwabci. Abin da ya fi cancanta a duba shi ne yadda ake cin wasan: da lissafi ne, ko da sa'a, ko kuwa da gamin biyun. Domin amsar wannan tambaya ita ce za ta nuna wa zai iya zama da wa a kan tabarma ɗaya a tashi lafiya.

A fara da dara, tun da ita ce ta gida. Gurabenta talatin ne, jeri biyar na shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan da guntayen kara, wancan da tsakuwa. Da fari ana dasa su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda mutum ya jera uku a lokacin dashe ba. In an gama, gurbi 24 sun cika, saura shida kaɗai, a cikin wannan ƙuncin ne za a yi ta gusawa gaba ko baya ko gefe, gurbi ɗaya kowane motsi. Wanda ya jera uku a miƙe sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka kasa uku, an cinye shi. Dakarkarin ƙasar Zuru sun shahara da ita, Zabarmawan Nijar kuwa dili suke ce mata.

Abin lura a nan shi ne babu wani abu ɓoyayye a dara. Duk abin da ɗaya yake gani, ɗayan ma yana gani, 'yan kallo ma haka. Masana sukan ce tun wurin dashe ake cin ta, domin wanda ya yi sakaci da tsakiyar fili tun farko, sai ya tarar an toshe masa hanya ya rasa inda zai motsa. Gwani yakan shirya 'ya'yansa ta yadda ɗa guda zai riƙa kai da kawo tsakanin gurbi biyu, duk motsi ya jera uku, duk motsi ya ci. Wanda aka yi wa haka ba shi da abin da zai ɗora wa laifi sai kansa, kuma a gaban jama'a. Har ma maganar ta shiga bakin mutane: in sharrin da aka ƙulla wa wani ya juyo kan na gida, sai a ce dara ta ci gida.

To, a nan ne al'ada ta shigo. Gidan Bahaushe ba taron sa'o'in juna ba ne. Akwai kunya tsakanin uba da ɗan fari, akwai ta tsakanin suruki da suruki, akwai girman wa a kan ƙane. Yaron da ya cinye mahaifinsa a dara sau uku a jere ya faɗi wata magana wadda ba zai iya faɗa da baki ba, in kuwa ya bari aka cinye shi da gangan, to wasan ya zama ladabi, ba wasa ba. Shi ya sa dara ta fi armashi tsakanin tsara, ko tsakanin waɗanda al'ada ta ba su izinin tsokanar juna, kamar kaka da jika, ko taubasai. Kaka ya ci jikansa ya yi masa dariya, jika ya rama ya ce tsoho ya rikice, babu wanda zai riƙe abin a zuci. Hukuncin dirafi, wanda ake yi da 'ya'ya 20 kowane ɓangare a allo mai gida 100, daidai yake da na dara. Haka kuma ɗaya darar, mai gurbi 12 da 'ya'ya 48, wadda Yarabawa ke kira ayo. Sai dai ita tana da amfani na musamman ga yara, domin ƙidaya suke koyo ba su sani ba.

Lido kuwa wani abu ne daban. Asalinsa wasan Indiya ne da ake kira pachisi, Turawa suka sauƙaƙa shi, aka yi masa rajista a Ingila a 1896. Mutum biyu zuwa huɗu ke yinsa, kowa da 'ya'ya huɗu, kuma ɗa ba ya fita gida sai ƙwayar nan mai fuska shida ta ba da shida. Akwai ɗan tunani wajen zaɓen ɗan da za a gusar, amma ƙwaya ce sarki. Yarinya 'yar shekara bakwai tana iya cinye babban akawu, ba wanda zai ce ta fi shi hankali. Wannan shi ne alherin wasan sa'a a cikin iyali: yana rufa wa wanda aka cinye asiri. Maciji da tsani, wanda sau da yawa akan buga a bayan allon lido, ya fi shi ma, domin babu zaɓi ko kaɗan a cikinsa. Ya dace da ƙananan yara, babba kuwa ba ya jimawa zai gundura.

Sai dai lido yana da nasa ƙullin. Ana kashe ɗan wani a mayar da shi gida, kuma sau da yawa mai jifa yana da damar zaɓen wanda zai kashe. In 'ya'yan ɗaki biyu ne suka zauna, 'yan uba, sai a ga biyu sun haɗe wa ɗaya kai, rigimar da ta fara a kan allo ta ƙare a tsakar gida tsakanin iyayensu mata. Magidanci mai lura yakan gauraya su, ɗan wannan ɗaki da ɗan wancan su zama ɓangare guda. Har ila yau akwai malamai da yawa da suke ƙyamar duk wasan da ake jefa ƙwaya, ko da babu kuɗi a ciki, saboda hadisin da ya zo a kan wasan nardu. Gidan da ke bin wannan fatawa ya riga ya sami amsarsa.

Karta ita ce tsaka-tsaki, rabi sa'a rabi dabara, kuma ita kaɗai ce a cikinsu take da sirri, tun da ba ka ganin abin da ke hannun ɗan'uwanka. Wadda ta fi yaɗuwa a gidajen Nijeriya ita ce Whot, wadda wani Bature mai suna William Storey ya ƙago a Ingila a 1935. Maimakon sarki da sarauniya, alamu biyar gare ta: da'ira, dala, gicciye, murabba'i da tauraro. Ana bin alama ko lamba. Wanda ya jefa 2, na gabansa ya ɗebi biyu. Wanda ya jefa 14, kowa ya tafi kasuwa ya ɗauki ɗaya. Mai riƙe da 20 kuwa shi ke faɗin alamar da yake so. Dokokin sukan saɓa daga gida zuwa gida, don haka gara a daidaita su kafin a raba. Ga manomin rani da ma'aikacin ofis fa'idarta ita ce gajarta: ana gama zagaye kafin shayi ya huce, mutum biyar ko shida su shiga, wanda kiran salla ko bin ruwa ya tayar ya tashi ba tare da an ɓata wa saura ba. Dara ba ta yarda da haka.

Matsalar karta sunanta ne. A kunnen dattawa da yawa karta da caca abu ɗaya ne, kuma ba su yi ƙarya ba gaba ɗaya, domin saurin zagayen nan da ya sa ta yi daɗi shi ne ya sa ta dace da zuba kuɗi. Lokacin da aka sayar da shinkafa kuɗi ya shiga hannun samari, nan ne hatsarin yake. Tun da Jihar Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a 2000, zamanin gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, caca laifi ce a gaban alƙali, ban da haramcinta na asali. Uban da ya hana karta ƙwaf a gidansa yakan tura ta ne bayan tasha, inda ba ya gani. Wanda ya bar ta a tsakar gida, da sharaɗin ko ƙwandala ba za a ajiye ba, ko goro, ya fi sanin abin da 'ya'yansa ke ciki.

Saura wasan 'yan boko, watau Scrabble, na haɗa kalmomi da haruffa. 'Yan Nijeriya sun yi fice a kansa, har Wellington Jighere ya ci gasar duniya a Ostireliya a 2015, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Ga ɗalibi mai neman ƙarin Turanci babu kamarsa. Amma a gida yana raba mutane biyu, waɗanda suka yi makaranta da waɗanda ba su yi ba, uwa ta koma 'yar kallo. Masu ƙoƙarin yinsa da Hausa kuwa sukan ci karo da cikas nan take: a cikin haruffa 100 na kwalin Turanci babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, ga q da v da x waɗanda Hausa ba ta da aikin yi da su, harafin a kuma tara ne kacal, alhali kalma ɗaya kamar Talata ta cinye uku. Mai son ya gwada sai ya yanka kwali ya rubuta nasa haruffan, ya ninka yawan a, ya sa wa masu lanƙwasa maki mai tsoka.