Tsibiran Oslo: Inda Mai Kuɗi Da Talaka Suke Wanka A Ruwa Ɗaya

Birnin Oslo, hedkwatar ƙasar Norwe, yana zaune ne a ƙarshen wani dogon zirin teku wanda ya kutso cikin ƙasa daga kudu, tsawonsa kuwa ya kai kilomita 100. Mutanen ƙasar suna kiran irin wannan ziri da sunan fiyod. Duwatsu da dazuzzuka sun kewaye shi hagu da dama, tsibirai manya da ƙanana kuma sun warwatsu a cikinsa, har ma waɗansu suna daf da birnin, mutum yana iya tsayawa a bakin gaɓa ya hango su.

Wanda bai san yanayin wannan ƙasa ba zai yi mamakin yadda mutanen Oslo suke ɗokin ruwan nan. Dalili kuwa shi ne, a tsakiyar hunturu, wato cikin watan Disamba, hasken rana ba ya wuce awa 6 a yini, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Amma a ƙarshen watan Yuni sai rana ta yi kusan awa 19 ba ta faɗi ba. To, da zarar ɗumi ya sauka, sai ka ga birni ya ɗungumo zuwa bakin ruwa, yara da manya, kowa da tabarmarsa da ɗan guzurinsa, domin sun san kwanakin ƙididdigaggu ne.

JIRGIN FITO

Hanyar zuwa tsibiran ba ta da wuya. Jiragen fito suna tashi daga matsayar da ke gaban babban ɗakin taron birni, kusa da unguwar Aker Brygge, kuma hukumar sufuri ta Ruter, wadda ke kula da motocin safa na gari, ita ce ke kula da su. Abin da ya fi jan hankali shi ne, tikitin da mutum ya shiga motar safa da shi, shi ne dai zai shiga jirgin da shi. Saboda haka lebura da iyalinsa suna iya zuwa yawon shan iska a tsibiri da kuɗin da ba su wuce na zuwa wurin aiki ba. Jiragen da ke wannan zirga-zirga a yanzu da wutar lantarki suke tafiya, babu hayaƙi, babu ƙara.

Tsibiri na farko da jirgi yake tsayawa shi ne Hovedoya, tafiyar da ba ta kai minti 10 ba. A nan ne waɗansu 'yan zuhudu na addinin Kirista, waɗanda suka taso daga Ingila, suka kafa gidan ibada a shekarar 1147. Gidan ya bunƙasa ya tara filaye da dukiya, har zuwa 1532 lokacin da aka washe shi aka cinna masa wuta a cikin rikicin sarauta na wancan zamani. Daga baya aka riƙa kwasar duwatsunsa ana gyaran ganuwar Akershus da ke tsallake. Kangon yana nan har yau, ana shiga kyauta. Ƙasar tsibirin tana da farar ƙasa, wadda ta sa furanni iri-iri da ba safai ake ganinsu a sauran ƙasar ba suke tsirowa a wurin, don haka doka ta hana a tsinke su.

Daga nan sai tsibiran Lindoya da Nakholmen da Bleikoya, inda ake da ƙananan gidajen katako masu launin ja da rawaya da shuɗi da kore. A Lindoya kaɗai akwai kusan 300. Asalinsu kuwa daga ma'aikata ne marasa ƙarfi, waɗanda suke zaune a cunkushe cikin birni, sukan tuƙo kwale-kwale su zo su kafa tanti a lokacin zafi. A shekarun 1920 aka ba su izinin gina 'yan bukkoki, bisa sharaɗin kada su wuce girman da aka ƙayyade. Yau bukkokin nan na talakawan jiya sun yi tsadar da sai mai hali ke iya saye, amma hanyoyin da ke tsakaninsu da bakin ruwan kowa yana da ikon bi.

Tsibirin Gressholmen shi ne tashar jiragen sama ta Oslo daga 1927 zuwa 1939, a zamanin jiragen da ke sauka a kan ruwa. Yanzu sai tsuntsayen teku da masu iyo. Shi kuwa Langoyene, wanda ya fi kowanne faɗin rairayi, labarinsa abin lura ne. Da can tsibirai biyu ne, sai hukumar birni ta mai da ruwan da ke tsakaninsu juji, aka yi ta jibga shara daga farkon ƙarni na 20 har zuwa 1948, tsibiran suka haɗe. Aka rufe sharar da ƙasa aka shuka ciyawa, jama'a suka yi shekaru suna hutawa a kai. Amma abin da aka binne bai ɓace ba. Da sharar ta fara ɓullowa, tilas aka rufe wurin aka yi masa gagarumin gyara, sai a 2022 aka sake buɗe shi.

DOKAR KOWA DA KOWA

Tushen wannan walwala wata tsohuwar al'ada ce da suke kira haƙƙin kowa da kowa, wadda aka mai da ita doka a 1957. Bisa wannan doka, mutum yana da ikon yawo, ko hutawa, ko wanka a duk wurin da ba gona ba ne, ba kuma harabar gida ba, ko da filin mallakar wani ne. Yana iya kafa tanti ya kwana biyu ba da neman izini ba, muddin ya nisanci gidan da mutane ke ciki da mita 150, sai fa inda hukuma ta kafa ƙa'ida ta musamman. A tsibiran da ke kusa da Oslo, alal misali, Langoyene ne aka keɓe wa masu kwana a tanti. Haka kuma akwai dokar da ta hana gini a cikin mita 100 daga bakin teku, ko da yake ana yawan jayayya a kan izinin musamman da ƙananan hukumomi suke bai wa masu gidaje. An kuma hana hura wuta a daji daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba.

Wanda ba ya son shiga jirgi ma ba a bar shi a baya ba. A unguwar Bygdoy akwai gaɓar Huk da ta Paradisbukta, kuma a nan ne aka adana jirgin Fram, wanda Roald Amundsen ya yi tafiyarsa da shi lokacin da ya isa ƙuryar kudancin duniya a 1911, da kuma Kon-Tiki, gadon itacen da Thor Heyerdahl ya ratsa tekun Fasifik a kansa a 1947. A tsakiyar birni kuwa, inda da can tashar kaya ce da babbar hanyar mota, majalisar birni ta yanke shawara a shekarar 2000 cewa a mayar wa jama'a bakin ruwansu. Aka tura hanyar ta ƙarƙashin ruwa, aka buɗe babban gidan waƙe-waƙe a 2008, sa'an nan wurin iyo na Sorenga a 2015. Har cikin hunturu akan ga masu ƙarfin hali suna shiga ɗakunan surace da ke shawagi a kan ruwa, in sun yi gumi sharkaf sai su yi tsalle su faɗa ruwa mai ƙanƙara.

Masu tuƙin kwale-kwale da jiragen filafilai su ma suna da yawa. Tun 1947 ake yin wata tseren jiragen filafilai a watan Yuni, daga Oslo zuwa wajejen hasumiyar Faerder da ke bakin babban teku. Amma hukuma ba ta wasa da rai: tun daga 2015 wajibi ne duk wanda ke cikin ƙaramin jirgin shaƙatawa da bai kai mita 8 ba ya sa rigar kariya idan jirgin yana tafiya.

MAƘOGWARON DROBAK

Kudu da Oslo, daura da garin Drobak, zirin ya tsuke ƙwarai, kuma a nan ne sansanin tsaro na Oscarsborg yake a kan tsibiri. Da asubahin ranar 9 ga Afrilu, 1940, babban jirgin yaƙin Jamus mai suna Blucher ya nufo Oslo ɗauke da sojojin da za su kame sarki da gwamnati. Kwamandan sansanin, Kanar Birger Eriksen, ya ba da umurni a buɗe wuta da tsofaffin igwa da nakiyoyin ƙarƙashin ruwa, jirgin ya nutse da ɗaruruwan mutane. Jinkirin da wannan ya jawo shi ya ba Sarki Haakon na 7 da majalisa damar ficewa daga birnin, tare da zinariyar baitulmalin ƙasa. Yau sansanin wurin ziyara ne.

Wannan maƙogwaro da ya ceci sarki, shi ne kuma yake wahalar da ruwan. A daidai Drobak akwai tudu a ƙarƙashin teku wanda zurfin ruwa a kansa bai wuce mita 20 ba, alhali kwarin da ke ciki wajen Oslo ya zarce mita 150 a waɗansu wurare. Wato ruwan ƙasa yana kwance ne kamar a cikin randa, ba ya sauyawa sai jefi-jefi. Duk ƙazantar da ta shiga, daɗewa take yi.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

A shekarun 1960 da 1970 ruwan kwatamin birni ya ɓata zirin har wanka a kusa da gari ya gagara. Aka kashe kuɗi masu yawa wajen gina ma'aikatun tace ƙazanta, ciki har da babbar ma'aikatar Slemmestad da ta fara aiki a 1982, ruwan ya washe, masu iyo suka dawo. Duk da haka, har yanzu hukumar birni tana shawartar jama'a su dakata kwana ɗaya kafin su yi wanka a tsakiyar gari bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, domin magudanai sukan yi ambaliya.

Babbar damuwar yanzu tana can ƙasa inda ido ba ya gani. Kusan rabin mutanen Norwe suna zaune ne a yankin da kogunansa ke malalowa cikin wannan ziri, ciki har da Glomma, kogin da ya fi kowanne tsawo a ƙasar. Takin zamani daga gonaki da ragowar ƙazantar garuruwa suna kawo sinadarin naitirojin, shi kuwa yana haɓaka wata irin gansakuka mai yauƙi wadda ke lulluɓe ciyayin teku inda 'ya'yan kifi suke fakewa. In ta mutu ta ruɓe, sai ta cinye iskar da halittun ruwa ke shaƙa. Ga kuma kamun kifi da ya wuce kima shekara da shekaru.

Kifin da abin ya fi shafa shi ne wanda ake kira kod. Masu cefane a Nijeriya sun san danginsa, domin irinsa ne ake busarwa a arewacin Norwe ya yi tauri kamar itace, a kawo shi kasuwanninmu da sunan okporoko ko panla. A zirin Oslo kuwa ya yi ƙaranci har gwamnati ta haramta kama shi a watan Yuni na 2019. A 2021 ta fito da cikakken shiri na ceto zirin, wanda ya ɗora wa garuruwa nauyin cire naitirojin daga ruwan ƙazantarsu, manoma kuma su rage huɗar kaka a gonakin da ke kusa da koguna. Aikin yana da tsada, kuma talakan da ke biyan kuɗin ruwa shi zai ɗauki kaso mai yawa, shi ya sa muhawara ba ta ƙare ba.

Mutanen Oslo sun riga sun tabbatar wa kowa ikon isa bakin ruwa, ta hanyar doka da jirgin fito mai araha. Abin da ya rage musu shi ne su mayar da rai cikin ruwan kansa, kuma masana sun nuna cewa wannan aiki ne na shekaru masu yawa, ko da an tsayar da ƙazantar yau.