Furen Albasar Aliero: Yadda Za Ka Ɗauki Hotonsa Da Wayarka Ba Tare Da Ka Ɓata Wa Manomi Iri Ba

Duk shekara, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, Instagram da TikTok kan cika da hotunan furen tulip na ƙasar Holan. A Amurka ma akwai wani ƙaramin gari mai suna Holland a jihar Michigan, wanda 'yan asalin Holan suka kafa a 1847, kuma tun 1929 ake bikin wannan fure a can. Matasa da dama a Maiyama da Jega kan ga hotunan su ce ina ma a nan ne. Alhali makamancinsa na nan kusa da gida. Tulip daga wani dunƙule mai kama da albasa yake tsirowa, ita kuwa Aliero ta yi suna a Najeriya wajen noman albasa.

Albasar da za a kai kasuwa ba a so ta yi fure. Wadda manomi ya ware domin iri ita ake sake dasawa, sai sanyin hunturu ya sa ta fid da dogon kara mai farin fure a dunƙule kamar ƙwallo. A cikinsa ne baƙin irin da za a shuka baɗi yake nuna. Idan lambu guda ya yi fure gaba ɗaya, abin kallo ne.

Matsalar farko ita ce farin launi. Kyamarar waya kan ƙara haske har furen ya zama fari fat, babu ƙananan furannin da suka haɗu suka yi ƙwallon. Ka taɓa furen a allo, sannan ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. Wannan na aiki a yawancin wayoyin Tecno, Infinix, Samsung da iPhone.

Lokaci ma na da muhimmanci. Ka je da sassafe kafin hantsi ya ɗaga, ko bayan la'asar. Hazo kan tausasa hasken rana, wanda alheri ne ga hoto, amma ƙurarsa na zama a gilashin kyamara. Ka goge shi da ƙyalle mai laushi kafin ka fara.

Kada ka ɗauka daga tsaye. Tsuguna, ka sa wayar daidai tsayin furen, sauran layukan su bi bayansa. Maimakon ka jawo hoto da yatsu, wanda ke rage ingancinsa, ka matsa kusa. Iska na kaɗa karan, don haka ka ɗauki hotuna da yawa a jere ka zaɓi mai kyau. Idan ka kunna Portrait, duba gefen furen, domin wayar kan dusashe wani sashensa bisa kuskure.

Sai abin da ya fi komai. Wannan lambu ba wurin shaƙatawa ba ne, jarin wani ne. Duk karan da ka karya, irin baɗi ne ya salwanta. A Holan ma manoma kan kafa alluna suna roƙon masu ɗaukar hoto kada su shiga gonakin tulip. Ka yi sallama, ka nemi izinin mai lambu, ka tsaya inda ya nuna maka. Kada ka kori ƙudan zuma da ƙudajen da ke kan furen, su ke sa iri ya kama. Kada kuma ka ɗauki hoton masu aiki sai sun yarda.

Wajen turawa a WhatsApp, ka danna HD ko ka tura shi a matsayin Document don kada ya dushe. Ka rubuta sunan garin a ƙarƙashinsa, sannan ka tura wa mai lambun nasa. Kafin ka kama hanya, ka tambayi manoman yankin makon da furen ke buɗewa, domin ba ya jiran kowa.