Ɗan Sane na Talabijin da Ɗan Sane na Kasuwa

Ya ku malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, maganarmu ta yau a kan wani baƙo ce wanda ya shigo gidajenmu ba da sallama ba, watau ɗan sanen nan na wasan kwaikwayo.

Tashar Arewa24 ta fara aiki a shekarar 2014, ta kuwa kawo wasan Daɗin Kowa, labarin wani gari ne da aka ƙaga, aka yi shekara da shekaru ana nuna shi mako mako. Gari kuwa, ko ƙagagge ne, ba ya cika sai da ɓata-gari. Don haka da wuya dogon wasa irin wannan ya rasa wani ɗan taƙadari a cikinsa. Shi ba ɗan fashi ba ne, iyakarsa yankan aljihu, da cinye bashin mai shayi, da rantsuwa a kan ƙarya. Yau a kama shi, gobe a sake shi, jibi ya koma ruwa. Masu tsara wasa ba su yarda ya tuba tuban gaskiya, domin ran da ya shiryu, ran nan dariya ta ƙare.

Shi wannan mutum tsohon sananne ne ga Bahaushe, tufafi kaɗai ya sake. Da can a bakin tsofaffi sunansa Gizo. Cikin littafin Ruwan Bagaja, wanda Alhaji Abubakar Imam ya wallafa aka buga a 1934, sunansa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, shi da Alhaji Imam suna bin gari gari suna yi wa juna zamba. Ba mu ce duk nishaɗi haramun ne ba. Abin da mu ke tsoro shi ne wanda ya saba ganin sata abin dariya ce a cikin akwati, ba ya sanin ma'auninta in ta zo masa a sarari.

Ku dubi kasuwar Maƙarfi ran Laraba, sa'ad da rake da mazarƙwaila su ka cika fili, fatake su ka zo daga nesa, manoman Hunƙuyi da na Ikara kowa ya ɗaure kuɗinsa a lalita. A irin wannan cinkoso a ke jin an ce "Ɓarawo!" Nan take sai mutumin da ya kwana yana yi wa ɗan sanen talabijin dariya ya zama na farkon ɗaukar gora. Na cikin akwati zai dawo mako mai zuwa da lafiyarsa. Na kasuwa kuwa, in taro ya rufe shi, wani lokaci sai gawarsa, ba a ma tabbatar shi ya ɗauka ba. Jiya mun yi sakaci, yau mun ƙetare haddi, duka biyu kuwa jahilci ne.

To, me littafi ya ce? Kowane almajiri da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya san sata tana da sharuɗɗa. Sai abin da aka ɗauka ya kai rubu'in dinari, ko ƙimar dirhami 3. Sai an fitar da shi daga hirzi, watau ma'ajinsa. Aljihun mutum hirzi ne, saboda haka kada ɗan sane ya ɗauka aikinsa wasa ne. Amma wanda ya fizga a sarari, da wanda ya tsinki 'ya'yan itace suna bisa bishiya, da wanda ya kama tunkiya a wurin kiwo, babu haddi a kansu, sai horo gwargwadon ganin alƙali. Laifin kuma ba ya tabbata sai da shaidu biyu adilai ko iƙirari, wanda ya janye iƙirarinsa kuwa an ɗauke masa haddi, sai biyan dukiya. Ko wanda ya maimaita har karo na biyar, hukuncinsa bulala da ɗauri, ba kisa ba. Sayyidina Umar ma ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa, ta 18 bayan Hijira. Duk wannan kuwa aikin mahukunta ne. Ina fa aka ba taron kasuwa izinin kashe rai a kan 'yan kuɗin cefane?

Saboda haka muna jan hankalin 'yan kasuwa: in an kama mutum, a riƙe shi, a kare shi daga hannun jama'a, a kira sarkin kasuwa, a miƙa shi ga hukuma. Kowa kuma ya duba mudunsa, domin mai tauye awo da mai jera manyan tumatir a bakin kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, su ma hannunsu na cikin aljihun Musulmi, Suratul Muɗaffifina kuwa a kan masu tauye awo ta sauka.

Mu kuma malamai, hana yara kallo ya riga ya gagare mu, tun da wasa ya shiga waya. Abin da ya rage shi ne in sun zo suna ba da labarin wayon taƙadari, mu tambaye su: kuɗin nan da ya yanka, na wane ne, me mai shi ya ci a daren nan? Yaron da ya koyi tausayin wanda aka yi wa sata ba zai yi sata ba, ba kuwa zai jefi ɓarawo da dutse ba.

Allah ya kiyashe mu da cin haram, ya kiyashe mu da ɗaukar alhakin rai, amin.