Yadda Shiga Sau Ɗaya Ke Aiki a Manhajojin Intanet

Shiga sau ɗaya, wanda masana kwamfuta ke taƙaita sunansa da SSO, tsari ne da ke ba mutum damar tabbatar da ko shi wane ne a wuri guda, sannan manhajoji da yawa su buɗe masa ba tare da kowacce ta sake neman kalmar sirri ba. Duk mai wayar Android a Wonaka ko Tsafe ko Bungudu yana amfani da shi, ko bai san sunansa ba: asusun Google da aka sa wa wayar ranar da aka saye ta shi ke buɗe Gmail da YouTube da Play Store da Google Drive. Waɗannan manhajoji ba a cikin wayar suke ajiye yawancin kayan mutum ba. Suna ajiye su ne a manyan kwamfutocin kamfani da ke can wata uwa duniya, abin da ake kira gajimare, don haka dole a tantance mai neman shiga kafin a miƙa masa komai.

Ɓangarori uku ne a cikin lamarin: mai neman shiga, da manhajar da yake son shiga, da mai ba da shaida, wato kamfani ko ma'aikatar da ke riƙe da kalmar sirrinsa. Abin ya yi kama da takardar hakimi. Ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma a Gusau bai san mutumin da ya zo daga ƙauye ba, amma ya san hatimin hakimi, kuma hatimin ya wadatar da shi.

Idan ɗalibi ya buɗe wani shafin karatu ya danna maɓallin shiga da Google, shafin ba ya tambayarsa komai, sai ya tura shi zuwa shafin Google. A can ne yake rubuta adireshin imel da kalmar sirri. In sun yi daidai, Google zai haɗa wata 'yar takardar shaida ta lantarki mai ɗauke da lambar da ke bambanta wannan asusu da sauran, da sunan shafin da aka yi takardar dominsa, da lokacin da za ta daina aiki, wanda a wurin Google awa ɗaya ne. Sannan ya sa mata hannu da wani makullin lissafi da babu mai shi sai kamfanin. Makullin yana da abokin tafiya da aka bayyana wa kowa, wanda ba ya iya sa hannu amma yana iya tantance sa hannun. Da shi shafin karatun ke duba takardar, kuma ko harafi ɗaya aka sauya a hanya, lissafin ba zai fita ba. Muhimmin abu a nan shi ne shafin bai taɓa ganin kalmar sirrin ɗalibin ba, balle a sace ta daga wurinsa.

Ribar tana fitowa ne a manhaja ta biyu. Google ya riga ya bar wata alama a burauzar ɗalibin da ke nuna an tantance shi, saboda haka in an sake turo shi, sai a ba da sabuwar takarda nan take. Abin da zai gani kawai shi ne fuskar wayar ta ɗan ƙifta, shafi ya buɗe.

Dabarar ta girmi wayoyin zamani. Tun a shekarun 1980 jami'ar MIT da ke Amurka ta ƙirƙiro Kerberos don kwamfutocinta. Ƙa'idar SAML 2.0, wadda jami'o'i da manyan ma'aikatu ke yawan amfani da ita, ta fito a 2005. OAuth 2.0 ta biyo baya a 2012 don ba wata manhaja izinin taɓa wani ɓangare na bayanan mutum, sannan a 2014 aka ɗora OpenID Connect a kanta don tabbatar da ko wane ne. Ma'aikatu da yawa suna dogara da Microsoft Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure Active Directory, kuma suna son tsarin ne saboda ranar da ma'aikaci ya bar aiki, asusu ɗaya za a rufe.

Sai dai duk wanda ya riƙe wannan asusu ɗaya ya riƙe komai, kuma in mai ba da shaida ya faɗi, masu dogara da shi sun faɗi. A watan Satumban 2018 Facebook, wanda shi ma mai ba da shaida ne, ya sanar da cewa masu kutse sun sace irin waɗannan takardun shiga na miliyoyin mutane. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma kamfanin ya ɗauke na kusan awa shida, masu shiga wasu shafuka da asusunsa suka rasa hanya.

A ƙasar Hausa haɗarin ya fi kusa da gida. Sau da yawa yaron shagon waya ne ke buɗe wa mai saye asusu, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, wani lokaci lambar wayar mutumin ce ma kawai. Mai wayar ya tafi bai riƙe ta ba, alhali hotunansa da lambobin abokan cinikinsa da ajiyar hirarrakinsa na WhatsApp duk suna bayan wannan kalma. Wannan sakaci ne da bai kamata a raina ba, kuma gyaransa bai wuce minti biyar ba: a sauya kalmar, sannan a sa lambar wayar mai asusun a matsayin lambar dawo da asusu. Akwai kuma shafukan bogi da ke kwaikwayon fuskar Google da sunan tallafi ko neman aiki. Kalmar sirrin Google a adireshin accounts.google.com kaɗai ake rubuta ta.

Wata kariya mai ƙarfi ita ce tantancewa mataki biyu, inda bayan kalmar sirri ake neman wata lamba ta ɗan lokaci. Yawanci ta saƙon tes take zuwa, amma wannan hanya tana da rauni. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin sadarwa yakan sayar wa wani. Kuma mutanen Zamfara sun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar a farkon Satumban 2021, lokacin da ko mai wata hanyar samun intanet ba zai karɓi tes ba. Manhajoji irin su Google Authenticator suna fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30 ba tare da sabis ba, kuma Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 da za a iya rubutawa a takarda a adana.

Fita ma tana da nata sharaɗi. Wanda ya yi aiki a kwamfutar haya, kamar a shagunan da ɗalibai ke cika fom a Gusau, in ya fita daga shafin da ya buɗe kaɗai, alamar Google tana nan a burauza, kuma wanda ya zauna bayansa zai iya shiga imel ɗinsa. Dole a fita daga asusun Google ɗin kansa. In an manta, a saitin asusun akwai sashen tsaro da ke nuna duk na'urorin da aka shiga da su da manhajojin da aka ba izini, kuma daga waya ana iya cire kowacce.