Mandakaru: Kaktus Mai Fure da Dare da Yadda Ake Renonsa

Mandakaru wani tsiro ne na arewa maso gabashin ƙasar Burazil, wanda masana tsirrai suke kira Cereus jamacaru. Yana daga cikin dangin kaktus, irin waɗanda suke miƙewa tsaye kamar ginshiƙi. Kalmar Cereus ta samo asali ne daga Latin, inda take nufin kyandir, saboda siffar tsiron. Ita kuwa kalmar mandakaru, an aro ta ne daga harshen Tupi na mutanen da Turawan Fotugal suka tarar a ƙasar.

Duk Bahaushen da ya ga hoton wannan tsiro zai yi saurin cewa ƙerana ce, ko kuwa ƴar uwar tinya. Kamannin suna nan, amma dangi ba ɗaya ba ne. Ƙerana da tinya da aguwa duka ƴan gidan Euphorbia ne, kuma idan aka karce jikinsu farin ruwa mai kama da nono yake fitowa, wanda yake ƙona fata, yake kuma yi wa ido mummunan lahani. Mandakaru ba shi da wannan farin ruwa. Ƙayoyinsa kuma a dunƙule suke fitowa daga wasu ƴan gurabe masu laushi kamar auduga, waɗanda suke jere a kan tudun jikinsa. Asalin dangin kaktus a nahiyar Amurka yake, shi ya sa kalmar kaktus ta zo wa Hausa a matsayin aro. Mai fassarar da ya mayar da kaktus ƙerana ya sauƙaƙa wa mai karatu, sai dai ya ba shi wani tsiro dabam.

Mahaifar mandakaru ita ce dajin da ake kira Katinga, wato farin daji a harshen Tupi, domin da rani itatuwansa sukan zubar da ganye su bar rassa furu-furu. Wannan daji ya ratsa jihohi irin su Bahiya da Farnambuko da Siyara. A yawancin yankin ruwan sama ba ya wuce milimita 800 a shekara, yana zuba ne cikin ƴan watanni kaɗan, wata shekarar ma ya ƙi zuwa. Duk abin da ya shafi renon tsiron daga nan yake farawa. Ba shi da ganye, kore jikinsa ne yake yin aikin ganye. Jikin yana da tudu da kwari daga sama har ƙasa, ta yadda idan ya sha ruwa zai kumbura, idan fari ya yi tsawo ya motse ba tare da ya tsage ba. Saiwoyinsa da yawa suna bazuwa kusa da fuskar ƙasa domin su kama ko da yayyafi ne. Har ila yau, ƙananan ƙofofin da yake shaƙar iska da su a rufe suke wuni, sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, sannan su buɗe. Ta haka ruwan jikinsa ba ya tafiya a banza cikin zafin rana.

Tsiron da aka halitta a kan jimirin ƙishirwa ba shi da dabarar kare kansa daga yawan ruwa. Mafi yawan mandakarun da suke mutuwa a hannun masu reno, kulawa ce take kashe su. Mutumin da ya saba da lambun albasa ko na tumatir yana ganin zalunci ne a bar shuka mako biyu ba ban ruwa, sai ya riƙa zuba mata kullum safiya, har gindinta ya ruɓe.

Hanya mafi sauƙi ta samun sabon tsiro ita ce a yanko reshe mai tsawon santimita 30 zuwa 50 da wuƙa mai kaifi, wadda aka gasa a wuta ta huce. Ba a dasa shi nan take. Sai a jingine shi a inuwa, inda iska take kadawa, na mako ɗaya ko biyu, har bakin yankan ya bushe ya yi tauri. Reshen da aka binne da ɗanyen miki ƙwayoyin cuta ne za su riga saiwa shigarsa. Bayan ya bushe sai a kafa shi ta gefen da aka yanka, ba da zurfi sosai ba, a tokare shi da sanda don kada ya faɗi, a kuma ƙyale shi ba ruwa na kwanaki. Ana iya shuka ƙwayar ɗansa, amma wannan hanya tana ɗaukar shekaru kafin a ga fure, alhali reshen da aka yanko daga babbar uwa yakan yi fure da wuri.

Ƙasar da ta dace da shi ita ce wadda ruwa yake ratsawa ya wuce: yashi mai gautsi da tsakuwa, a gauraya da ƴar ƙasar lambu. Laka ba ta yi masa. Idan a tukunya za a dasa, tukunyar ƙasa ta fi ta roba domin tana tsotse laima, kuma dole ta zama da huji a gindi. Wajen ban ruwa, a jiƙa ƙasar sosai lokaci guda, sannan a jira ta bushe har can ciki kafin a sake. Da sanyi, lokacin da girmansa yake tsayawa, sai a rage ƙwarai. Babban tsiro yana son rana tun safe har yamma, amma wanda ya daɗe a inuwa ba a fitar da shi rana farat ɗaya, don fatarsa takan ƙone ta bar tabon da ba ya gogewa. Idan aka ga kansa yana sirancewa yana yin fari, haske ne bai ishe shi ba.

Alamar ruɓewa ita ce gindi ya yi laushi ya sauya launi zuwa ruwan ƙasa ko baƙi. A nan babu magani sai wuƙa. A yanke daga saman wurin da ya lalace, a ci gaba da ragewa har a kai tsoka mai tsabta, a shanya a sake dasawa a sabuwar ƙasa. Akwai kuma wasu ƙananan fararen ƙwari da suke maƙalewa a cikin kwarin jikinsa suna tsotsar ruwa. Idan ba su yi yawa ba, auduga da ruwan sabulu sun isa.

Furen shi ne ladan wannan haƙuri. Toho yakan ɓullo daga gurbin ƙaya, ya yi ta tsawo a hankali, har ya kai kimanin santimita 25. Ran da zai buɗe, bayan duhu ya shiga sai farin fure mai faɗi ya baje, da hantsi kuwa ya riga ya yanƙwane. Dare ɗaya ke nan rayuwarsa. Farin launi yana taimaka wa baƙinsa su gan shi cikin duhu, kuma manyan baƙin su ne irin malam-buɗe-littafin nan na dare masu dogon baki, waɗanda suke shan zaƙin furen su kwashi ƙurarsa zuwa wani. Mai renon da yake son ƴaƴa, a wurin da babu waɗannan ƙwari, zai ɗauki fitila da gashin kaza ya yi aikin da kansa, kuma ya fi kyau ya ɗebo ƙurar daga tsiron da ba uwarsu ɗaya ba. Ɗan yakan nuna ja, cikinsa fari ne da ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi, mutane da tsuntsaye duka suna ci. Mutanen karkara a Burazil suna ɗaukar furen mandakaru a ƙarshen rani a matsayin bushara cewa damina ta kusa.

A can mahaifarsa amfaninsa ya wuce ado. Yakan kai tsawon mita biyar ko fiye, ana yin shinge da shi, kuma a shekarun fari, irin wanda ya addabi yankin daga 2012 zuwa 2017, makiyaya sukan sare rassansa, su babbake ƙayoyin da wuta, su daddatsa wa shanu da awaki. Akwai ma irin da ba shi da ƙaya, wanda ake shukawa musamman don dabbobi.

A Afirka ta Kudu labarin ya sha bamban. An kai shi can a matsayin furen ado, tsuntsaye suka baza ƙwayarsa a daji, ya cinye makiyaya a lardin Limpopo da maƙwabtansa, har doka ta hana shuka shi, aka kuma shigo da ƙwarin da suke cinsa daga Kudancin Amurka domin a rage shi. Tun da ko guntun reshen da aka yar a juji yana iya yin saiwa, wanda ya rage wa tsironsa rassa sai ya shanya su har su mutu ko ya ƙone su, kada ya watsar a bayan gari.