Allo da Kundi: Dawwamar da Hanyoyin Sadarwa a Kwamfuta

Gabatarwa

Riko gari ne a ƙaramar hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, a yankin da hanyar Katsina zuwa Maraɗi ke tsallaka iyaka ta Magama da Ɗan Isa. A da can fatauci a wannan yanki ya dogara ne ga madugun da ya san hanya, amma yanzu takardun fiton kaya ta intanet suke bi, motar kaya kuwa ba ta gusawa sai saƙo ya kai ya dawo. Wannan maƙala za ta duba dalilin da ya sa kwamfuta uwar garke kan manta hanyoyin da aka shata mata da zarar an sake kunna ta, da kuma maganin wannan mantuwa.

Hanya da Doka

A ɗauki misalin wani ofishin dillalan fito a bakin iyaka mai layi biyu, ɗaya na turken kamfanin waya, ɗaya na tauraron ɗan'adam. Ajiye layi biyu ba almubazzaranci ba ne, domin a watan Satumba na 2021 an toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Jibiya.

A tsarin Linux, jadawalin hanyoyi shi ke nuna ƙofar da kowane saƙo zai fita. Doka kuwa ita ke zaɓen jadawalin da za a duba. Tun daga Linux 2.2 na 1999 ake iya ajiye jadawali fiye da ɗaya. Uku ne na asali, masu lamba 255 da 254 da 253, dokokinsu kuma suna kan matsayi na 0 da 32766 da 32767, ana bin su daga ƙaramar lamba zuwa babba. Da umarnin ip route add ake ƙara hanya, da ip rule add ake ƙara doka, misali cewa duk saƙon da ya tashi daga adireshin layin tauraro ya fita ta ƙofar tauraron.

Tushen Mantuwa

Kwamfuta tana da ma'aji iri biyu. Na farko kamar allon almajiri yake, ana rubutu ana wankewa, kuma yankewar wuta ita ce wankinsa. Na biyu, wato faifai, shi ne kundin malam, abin da aka rubuta a cikinsa yana nan. To, umarnan nan biyu a kan allo kaɗai suke rubutu. Saboda haka idan aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta hanyoyin sun shafe. Kwamfuta za ta tashi lafiya ƙalau a ido, amma amsar saƙon da ya shigo ta wannan layi sai ta nemi fita ta wancan, ta ɓace, direbobi kuwa suna zaune ƙarƙashin motocinsu suna jira.

Wani abin lura kuma shi ne, ko ba a kashe kwamfuta ba, idan aka sauke ƙofar sadarwa, hanyoyin da suka bi ta cikinta sukan shafe tare da ita.

Magani

Maganin shi ne a rubuta hanyoyin a kundin da kwamfuta ke karantawa duk lokacin da ta ɗaga ƙofa. A Debian, fayil ɗin /etc/network/interfaces ne, inda ake sa umarnin bayan kalmar post-up. Ubuntu ta koma ga Netplan tun 2017, wanda ke da gurbin hanyoyi da na dokoki. A Red Hat an daɗe ana amfani da fayilolin route-eth0 da rule-eth0, amma tun fitowa ta 9 a 2022 NetworkManager ke riƙe da aikin, ta umarnin nmcli. Dokokin shingen tsaro su ma a kan allo suke, sai an adana su da iptables-save, ko a fayil ɗin nftables.conf.

Wasu kan zuba komai a tsohon fayil rc.local. Illarsa biyu ce: yana iya gudana kafin ƙofa ta sami adireshi, sai a ƙi karɓar hanyar, sannan sau ɗaya yake aiki, ba ya maido da hanya idan ƙofa ta faɗi ta tashi.

Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Bai kamata ma'aikaci ya bar wurin aiki ba sai ya sake kunna kwamfutar da hannunsa, ya duba da ip route show table all da ip rule show, ya tabbatar abin da ke kundi ya hau allo. Wanda ya yi gyara daga Katsina ya kuskure doka guda, yana iya rufe wa kansa ƙofa, daga nan kuwa ba shi da mafita sai ya kamo hanyar Jibiya da kansa.